“Look forward to”: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Da wuya ka buɗe takardar neman aiki, ko saƙon imel na ofis, ko wasiƙar neman gurbin karatu da aka rubuta da Turanci, ba ka tarar da “look forward to” a layin ƙarshe ba. A wannan layin kuwa aka fi yin tuntuɓe. Mutum zai tsara wasiƙarsa tsaf tun daga adireshi har ƙasa, sai ya zo rufewa ya rubuta “I look forward to hear from you”. Wannan shi ne layin da idon mai karatu yake sauka a kai daf da sa hannu, don haka kuskuren da aka yi a nan ya fi na tsakiyar takarda fitowa fili. Wayar hannu ma ba za ta ja maka jan layi ba, domin kowace kalma a karan kanta daidai aka rubuta ta, haɗin ne ya lalace.

Kalmomi uku ne, “look” da “forward” da “to”, amma ma'ana guda suke ɗauke da ita, kuma ba ruwanta da ɗaga kai a dubi gaba. Wanda ya ce “I am looking forward to Sallah” yana nufin yana ɗokin zuwan Sallah, ya ƙagu ta zo. Abu biyu ne a cikin maganar: akwai sanin cewa abin yana tafe, akwai kuma farin ciki da zuwansa. Kalmomin nan uku kamar duwatsun murhu suke, in ka zare ɗaya tukunya ta kife. Ba a raba su, ba a musanya ɗaya da wata, ba a kuma cusa abin da ake ɗoki a tsakaninsu.

Babban kuskure: abin da ke biyo bayan “to”

Tun daga firamare an koya mana cewa bayan “to” aikatau tsirara yake zuwa: “I want to go”, “I hope to see you”, “I would like to apply”. Wannan gaskiya ne, sai dai rabin gaskiyar ce. Turanci yana da “to” iri biyu. Akwai wadda take manne da aikatau, kamar a misalan nan uku. Akwai kuma wadda take nuna inda aka dosa, mai kama da “zuwa” ko “ga” a Hausa: “I went to Zinder”, “listen to the radio”, “give it to him”. Wannan ta biyun suna take nema a bayanta, ba aikatau ba. Ita ce kuma ke cikin “look forward to”.

Shi ya sa in suna ne ya biyo baya babu mai yin kuskure: “I look forward to the meeting”, “we look forward to your visit”, “the children are looking forward to the holiday”. Matsalar tana tasowa ne idan abin da ake ɗoki aiki ne, kamar ji ko gani ko karɓa. A nan dole a mayar da aikatau ya zama suna, hanyar yin haka a Turanci kuwa ita ce ƙara masa “-ing”. Sai a ce “I look forward to hearing from you”, “I look forward to seeing you”, “I look forward to receiving the documents”.

Bahaushe yana da sa'a a nan, domin harshensa haka yake yi. Muna cewa “ina ɗokin ganinka”, “ina ɗokin zuwanki”, “muna ɗokin jin labari”. Gani da zuwa da ji duk sunayen aiki ne, shi ya sa ma suke karɓar “-n” ta mallaka kamar yadda ake cewa “gidanka” ko “littafinki”. “Seeing” shi ne gani, “coming” shi ne zuwa, “hearing” shi ne ji. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne ɗaya hanyar da Hausa take da ita, wato “na ƙagu in gan ka”. Wanda ya ɗauko tunaninsa ta wannan hanya sai ya mayar da “in gan ka” ya zama “to see you”. In za ka rubuta layin, ka fara raya “ganinka” a zuciya, hannunka zai rubuta “seeing” da kansa.

Waɗanda suka yi boko da Faransanci, a Nijar ko Kamaru ko Chadi, suna da ƙarin abin da ke ja musu baya. A Faransanci ana rufe wasiƙa da “au plaisir de vous voir” ko “dans l'attente de vous lire”, kuma “voir” da “lire” aikatau ne tsirara. Idan aka ɗauko wannan ginin aka kawo shi Turanci, “to see” da “to read” ne za su fito. Faransanci ya yarda da haka, Turanci bai yarda ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba maka gardama a ko'ina ka haɗu da “to”. Cire aikatau ɗin, ka sa “it” a gurbinsa. “I look forward to it” magana ce lafiyayya, kullum ana faɗinta. “I want to it” kuwa ba magana ba ce. In “it” ta zauna, “-ing” ake buƙata. In ba ta zauna ba, aikatau tsirara ne. Da wannan gwajin za ka gano 'yan uwan “look forward to” waɗanda su ma ake yawan karya su: “I am used to waking early”, “she objected to paying twice”, “we are committed to improving the service”, “with a view to buying the land”, “in addition to teaching”, “when it comes to cooking”. A kula da ta farkon sosai, domin “I used to wake early” ma daidai ne, amma ma'anarsa daban: a da nakan tashi da wuri, yanzu na daina. “I am used to waking early” kuwa yana nufin na saba.

Wasu sukan gyara aikatau na farko su manta da na biyu. Za ka ga “I look forward to meeting you and discuss the contract”. Ita “to” ɗin tana riƙe da duka biyun, don haka “meeting you and discussing the contract” ne daidai. Ko uku ne a jere, duk sai sun ɗauki “-ing”.

Haka nan idan kai za a yi wa aikin, ba kai za ka yi ba. Masu neman aiki sukan rubuta “I look forward to be invited for an interview”. “Be” ma aikatau ne, bai fi ƙarfin doka ba: “to being invited”. Idan kuma wani ne zai yi aikin, kamar ka ce kana ɗokin zuwan baƙo, ba a cewa “I look forward to you to come”, ba a kuma cewa “I look forward that you will come”. Ana cewa “I look forward to you coming”, ko a rubutun hukuma “your coming”. Amma shawarata ita ce ka nemi suna kai tsaye in akwai shi: “your visit”, “your arrival”, “your reply”. Ya fi gajarta, ya fi tsabta, kuma babu inda za ka zame.

Wurin ƙara “-ing” ɗin ma akwai ramuka. Kalmar da ta ƙare da “e” wadda ba a furtawa, ana jefar da “e” ɗin: “receiving”, “coming”, “writing”. Ba a ninka baƙi a cikinsu. “Writting” da “comming” suna cikin kurakuran da suka fi yawa a takardun ɗalibai, kuma na farkon daga “written” ake kwaso shi, wanda shi ne mai “t” biyu. “See” ba ta jefar da komai, “seeing” ce. Gajeruwar kalma mai wasali ɗaya da baƙi ɗaya a ƙarshe tana ninka baƙin: “getting”, “sitting”. Doguwar kalma tana ninkawa ne idan nauyin furuci ya faɗa a gaɓar ƙarshe, shi ya sa ake rubuta “beginning” da “submitting” amma “visiting” da “t” ɗaya. “Travelling” da “l” biyu rubutun Ingila ne, “traveling” na Amurka. Makarantunmu na Nijeriya da Gana tsarin Ingila suke bi, sai a tsaya a kansa.

Ƙananan duwatsun da ake zarewa

“I am looking forward for your reply” kuskure ne, kuma daga maƙwabta ake aro shi: “look for”, wato nema, da “wait for”, wato jira. “To” ce kawai take bin “look forward”. In jira kake nufi, ka ce “I am waiting for your reply”, ko “I await your reply”. Ka lura “await” ba ta ɗaukar “for” sam.

Sai masu haɗa siffofi biyu su fitar da na uku wanda babu shi: “I am look forward to” ko “I looking forward to”. Biyu ne kawai, ko dai “I look forward to” babu “am”, ko “I am looking forward to” da “am” da “-ing” tare. In kamfani ko mutum ɗaya ake magana a kansa, kar a manta da “s”: “the director looks forward to meeting you”.

A tambaya, “to” takan koma ƙarshen jimla, amma ba ta ɓacewa. “What are you looking forward to?” ake cewa. Mutane da yawa sukan yar da ita saboda suna ganin ta tsaya ita kaɗai ba abin da ta riƙe. Haka ma “this is the day we have been looking forward to”. In ka cire ta, jimlar ta zama gurguwa.

Wajen ƙarfafa magana, “I am very looking forward” ba ta yi ba, domin “very” ba ta hawa kan aikatau. Ana cewa “I am really looking forward to it”, ko a wasiƙar hukuma “I very much look forward to it”.

Rubutun “forward” kansa yana da “r” biyu, ɗaya bayan “o”, ɗaya kafin “d”. Ana yawan rubuta “foward” saboda a furucin Ingila, wanda kunnenmu ya fi sabawa da shi, ba a jin waɗannan “r” ɗin. “Foreword” kuma wata kalma ce daban, ita ce gabatarwar da ake sawa a farkon littafi. Ko da yake Turawan Ingila suna cewa “forwards” a wasu wurare, a wannan salon maganar ba a ƙara “s”. Wajen furtawa kuwa, “f” ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa a bakin wasu take karkata zuwa “p”, a bakin Hausawan yamma kuma zuwa “h”. Ta Turanci ana ɗora haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa a hura iska. Wanda zai shiga intabiyu ya gwada wannan a gaban madubi, zai ga bambancin da idonsa.

Inda nahawu ya yi daidai amma maganar ta ɓaci

Wannan ɓangaren ya fi na baya haɗari, domin kuskuren “-ing” iyakarsa a ce ba ka ƙware ba, amma kuskuren ma'ana yana iya ɓata wa mutum rai.

Hausa tana da “sa rai”, da “jira”, da “fata”, da “ɗoki”. Mutane da yawa sun ɗauka “look forward to” tana maye gurbin dukkansu, alhali ta ƙarshen ce kawai. “Sa rai” ba ruwanta da daɗi ko rashinsa: ana sa ran ruwan sama, ana sa ran isowar gawa da la'asar. Idan wani ya so sanar da abokan aiki cewa ana sa ran yin jana'iza ƙarfe biyu, ya rubuta “we are looking forward to the burial at 2 p.m.”, abin da Bature zai karanta shi ne suna murna da zuwan lokacin. Abin da ya dace shi ne “the burial is expected to take place at 2 p.m.”, ko kawai “the burial will take place at 2 p.m.” Haka abin yake ga tiyata, da zaman kotu, da sakamakon gwajin asibiti da ake fargaba, da duk wani abin da ake jira da zullumi. “Expect” ko “wait for” ne wurinsu. A saƙon ta'aziyya ko na jaje kuwa, gara a kauce wa maganar gaba ɗaya, ko da ganin mutumin ake nufi. “I will come and see you on Friday” ya wadatar.

Sai ɓangaren tabbas. Ba a ɗokin abin da ba a san zai zo ba, fatansa ake yi. Ɗalibin da ya rubuta “I look forward to passing my exams” ya nuna kamar sakamakon yana aljihunsa. “I hope to pass” ya kamata ya ce, kuma ka ga “hope” tana ɗaukar aikatau tsirara. A takardar neman aiki wannan bambancin yana da nauyi. “I look forward to hearing from you” ba ta da laifi, domin amsa kawai ka ambata, ba ka ce wace iri ba. Amma “I look forward to being employed in your organisation” ko “I look forward to working with you”, tun ba a kira ka intabiyu ba, yana iya zama kamar ka riga ka ba kanka aikin. Ka ajiye “working with you” sai ranar da takardar ɗauka ta shigo hannu, a nan ne take da kyau ƙwarai. “Your favourable response”, wadda ta zama ruwan dare a wasiƙunmu, ba karyayyen Turanci ba ce, kuma a ofisoshin gida ba wanda zai ɗaga gira. Idan wasiƙar waje za ta, ina ganin “your response” kawai ya fi, don kar ya zama kana faɗa wa mai yanke hukunci abin da zai yanke. Mai son nuna sha'awarsa ba tare da wuce gona da iri ba yana iya cewa “I would welcome the opportunity to discuss my application”.

Akwai kuma juyin wannan, inda kai ne mai karɓar saƙon. A wasiƙun kasuwanci da na lauyoyi, “look forward to” takan zama umarni cikin ladabi. Idan kamfani ya rubuto maka “we look forward to receiving payment by 30 June”, ba labarin farin cikinsu suke ba ka ba. Wa'adi suka sa maka, kuma ranar da suka ambata ita ce iyaka. Haka in shugabanka a ofis ya rufe saƙo da “I look forward to your report on Monday”, yana nufin rahoton ya kasance a teburinsa ran Litinin. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin gaisuwar rufe wasiƙa kawai zai sha mamaki. Kai ma kana iya amfani da ita haka idan kana bin bashi ko kana jiran kaya: ka ambaci abin, ka ambaci ranar, ka tsaya. Ya fi “please, I am begging you to” ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma bai zubar da girman kowa ba.

Abin da ake sawa bayan “hearing” ma yana canza ma'ana. “Hearing from you” shi ne samun saƙo ko amsa daga gare ka. “Hearing you” jin muryarka ne ko sauraron jawabinka. “Hearing about you” jin labarinka ne a bakin wasu. A ƙarshen wasiƙa na farkon ake nufi, kuma “hear” ce ta ji, ba “here” ta nan ba. Tsakanin “meeting you” da “seeing you” kuwa, na farko na wanda ba ku taɓa haɗuwa ba ne, na biyu na wanda kuka saba. In ka rubuta wa tsohon abokin karatunka “I look forward to meeting you”, ka mayar da shi baƙo. “Seeing you again” ya dace da shi. “Meeting with you” kuma zama ne na tattaunawa, an fi jin sa a bakin Amurkawa, kuma ana iya faɗa wa wanda aka sani.

Kalmomi biyu da suka kama gindi a ofisoshinmu suna buƙatar hattara idan saƙon zai tsallaka teku. “I look forward to your revert”: a Nijeriya da Indiya an fahimci “revert” a matsayin mayar da amsa, amma a Ingila da Amurka ma'anarta da aka sani ita ce komawa halin da ake ciki a da. “Reply” ko “response” ba su da wannan matsala. “Soonest” kuma tsohon salo ne irin na zamanin wayar tangaraho, “soon” ta isa. “Feedback” da “advice” da “information” ba sa ɗaukar “s”, komai yawansu.

“I look” ko “I am looking”

Dukansu daidai ne, nauyinsu ne ya bambanta. “I look forward to” ta fi kama da rigar zuwa ofis: wasiƙar hukuma, neman aiki, saƙo zuwa ga wanda ya girme ka a muƙami ko wanda ba ka sani ba. “I'm looking forward to” ta fi sakin jiki, kuma ta fi nuna cewa ɗokin na gaske ne, ba na al'adar rufe wasiƙa ba. Ita ake faɗa da baki, ita ake rubuta wa aboki da abokin aiki. Ba kasafai za ka ji Bature yana hira da ɗan'uwansa ya ce “I look forward to the match” ba, “I'm looking forward to the match” zai ce.

Akwai ta uku, wadda aka yanke mata kai: “Looking forward to seeing you.” A WhatsApp ko gajeren imel tsakanin waɗanda suka saba, ba komai. A wasiƙar hukuma kuwa ba cikakkiyar jimla ba ce, domin babu mai aikatawa a cikinta. Masu rubuta jarrabawar WAEC ko NECO su kiyaye wannan musamman. A takardar insha'i ta WAEC ana raba maki ne gida huɗu, abin da aka faɗa, da tsari, da iya sarrafa harshe, da kuma tsabtar nahawu da ƙa'idojin rubutu, kuma a wannan gida na ƙarshe kowane kuskure yana cin maki. Jimla marar kai da “to hear” a layi ɗaya asara ce da ba ta da dalili. Rubuta ta cikakkiya, ka sa aya a ƙarshenta, sannan ka sauka sabon layi. In ka buɗe da “Dear Sir” ko “Dear Madam”, ka rufe da “Yours faithfully”. In ka ambaci sunan mutumin, “Yours sincerely”. “Y” babba ce, kalma ta biyu da ƙaramin baƙi take farawa, waƙafi yana biyo baya, kuma babu wata alama tsakanin “r” da “s” a “Yours”.

Kar kuma a tara rufewa uku a wuri guda. Za ka ga wasiƙa ta ƙare da “I look forward to hearing from you”, sai “awaiting your kind response”, sai “thanks in anticipation”. Abu ɗaya aka faɗa sau uku. A Hausa yawan gaisuwa da nanata roƙo ladabi ne, a wasiƙar Turanci kuwa yana sa mai karatu ya ji kamar ana matsa masa. Ɗaya ta isa. Tsakanin Musulmi, ƙara “in sha Allah” bayan “I look forward to seeing you” yana zama daram, ba ya karo da komai.

Lokutan baya, korewa, da mayar da amsa

“I was looking forward to it” yawanci tana ɗauke da takaici: an yi ɗoki, abin bai yiwu ba. Shi ya sa take da amfani wurin ba da haƙuri. In ba za ka samu halartar walima ko taro ba, “I'm sorry I can't come, I was really looking forward to it” tana nuna ba da son ranka ba ne. Amma in ka je, an yi taro lafiya, kar ka rubuto daga baya ka ce “I was looking forward to it” ka yi shiru, domin mai gida zai zauna jiran “amma”. Ka ce “I really enjoyed it”. Idan kuwa yanzu kuka haɗu da wanda ka daɗe kana jin labarinsa, abin faɗa yayin musafaha shi ne “I have been looking forward to meeting you”, wato na daɗe ina son mu haɗu.

Korewa ta fi yadda take a ido nauyi. “I'm not looking forward to it” ba ta tsaya a kan cewa ba ka ɗoki ba, tana nufin abin yana damunka, da so samu ne kar ya zo. Haka ake faɗa game da zuwa wurin likitan haƙori ko doguwar tafiyar dare a mota. Saboda haka kar ka faɗe ta a kan gayyatar mutum kana nufin ba ka damu sosai ba, zai ji kamar ka ce zuwa wurinsa azaba ce.

In aka ce maka “I'm looking forward to it”, amsar ita ce “So am I” ko “Me too”. In “I look forward to it” aka ce, “So do I”. Inda ake rikicewa shi ne idan maganar ta ƙare da “you”. Wani ya ce “I look forward to meeting you”, kai kuma ka ce “Me too”: za a gane nufinka, amma in aka bi kalmomin, ka ce ne kai ma kana ɗokin haɗuwa da kanka. “Likewise” ta fi tsabta, ko ka cika ta: “I look forward to meeting you too”. Idan kuma an gama tsayar da rana da lokaci a waya, aka ce sai mun haɗu ran Alhamis ƙarfe goma, kana iya rufewa da “I'll look forward to it”. Wannan ne kusan kaɗai wurin da “will” take shiga maganar ba tare da ta yi nauyi ba, domin a lokacin ne aka ƙulla alkawarin. A ƙarshen wasiƙa kuwa ba a bukatar ta, “I look forward to hearing from you” ba tare da “will” ba ita ce daidai.